Kaliyofi da Matsayin Tunawa a Waƙar Girkawan Dā

A aƙidar Girkawan dā, baiwar waƙa tana hannun alloli mata tara da ake kira Musai. Mawaƙi Hesiyod, wanda ya rayu wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya jero sunayensu a waƙarsa mai suna Theogony, ya kuma fifita Kaliyofi a kan sauran domin ita ce mai rakiyar sarakuna. Ma'anar sunanta ita ce mai daddaɗar murya. Daga baya ne aka keɓe mata waƙar jarumta.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne nasabarta. Mahaifinta Ziyus ne, mahaifiyarta kuwa Nimosini, wato Tunawa. Manazarta da ke fassara aikin Musai da ilhama kawai suna tauye shi, a ganina. A al'ummar da waƙarta ke a baka, mawaƙi yana roƙo ne a tuna masa abin da bai gani da idonsa ba, sunaye da nasabobi da garuruwa. Shi ya sa a littafi na 2 na Iliad, kafin Homa ya lissafa shugabannin Girkawa da jiragen ruwansu, sai da ya kira Musai, da hujjar cewa su ganau ne, 'yan Adam kuwa jiyau.

A cikin wannan lissafi ne aka kawo labarin Tamiris, mawaƙin Tarakiya da ya yi alfaharin zai kayar da su a gasa. Suka naƙasa shi, suka ƙwace masa waƙa, suka kuma mantar da shi yadda ake kaɗa molo.