Baƙin mai a jikin fulogi: ku duba da kanku kafin ku nufi Suame

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da suka sauka a Zangon Kumasi, da Aboabo da Asawase, da tuƙi suke ciyar da iyali. Wasu tasi suke ja, wasu keke mai ƙafa uku da ake kira pragya a nan. Mafi yawansu ba da kuɗi hannu suka sayi motar ba, sun karɓe ta ne bisa sharaɗin su riƙa biyan mai ita mako-mako har ta zama tasu. Wanda yake cikin wannan hali ya san cewa duk yinin da mota ta yi a gareji bashi ne ya hau kansa. Shi ya sa muka ware wannan shafi don tambayar da direbobi suka fi yi mana: mota tana rawa in an tsaya, tana shan mai fiye da da, an kwance fulogi an same shi jiƙe da baƙin mai. Injin ya mutu ke nan?

Sau da yawa bai mutu ba. Abin da zai gaya muku gaskiya shi ne wurin da man ya taɓa a jikin fulogin.

Fulogi shi ne yake ba da tartsatsin wutar da ke kunna fetur ko gas a cikin inji. Rabinsa na ƙasa, mai zare da ɗan ƙarfe a baki, yana cikin ɗakin da mai ke ƙonewa. Rabinsa na sama, farin tangaran ɗin da waya ko koyil ke hawa, yana waje. A ƙananan motocin da aka fi yin tasi da su a Kumasi, irin su Toyota Vitz da Kia Picanto da Hyundai i10, kowane fulogi yana zaune ne a cikin rami mai zurfi a saman inji, kuma roba ce kawai ta raba ramin da baƙin man da ke yawo a ƙarƙashin murfi. Zafi da shekaru suna busar da robar nan har ta tsage, sai mai ya tsiyaya ya taru a ramin. Idan kuka cire koyil kuka ga mai a jikinsa da jikin farin tangaran, amma bakin fulogin a bushe yake, launinsa ruwan ƙasa ko toka-toka, to gaskit ɗin murfin sama da robobin ramin ne suka gaji. Gyara ne na sa'a ɗaya ko biyu, ba ya bukatar a sauke inji.

Idan kuwa ramin a bushe yake, amma bakin fulogin ne ya yi baƙi yana maiƙo, salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, kuma kullum sai kun ƙara mai alhali ba ku ganin ɗigo a ƙasa, to man yana shiga ɗakin ƙonewa ne. Ko dai robobin bawul sun lalace, ko ringin fistin ya cinye. Hayaƙin da ke fita da safe kawai sannan ya ɗauke ya fi nuna robobin bawul. Wanda ke ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur ya fi nuna ringi. Wannan aikin bakanike ne, kuma yana cin kuɗi. Baƙin da ya bushe kamar kunkunniyar tukunya wani abu ne daban: fetur ne ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kuma a lokacin hunturu sau da yawa matatar iska ce ƙura ta toshe.

A nan ne ake yawan ruɗewa, don haka ku kula. In ramin cike yake da mai kuka kwance fulogi haka, man zai gangara ya jiƙa zaren da bakin, sai ƙaramar matsala ta yi kama da babba. Ku fara tsane ramin da tsumma mai tsabta a naɗe a jikin sukundireba, ku hure yashin da ke ciki, sannan ku kwance. Mun fi jaddada wannan domin direban da ya je gareji da fulogi jiƙe kaca-kaca yana iya jin an ce masa sai an buɗe inji gaba ɗaya, ba don mugunta ba ma, don dai abin da ido ya gani ke nan.

Ku yi aikin da safe kafin a tada mota. Kan injin ƙananan motocin nan na alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi, musamman da zafi. Ku cire fulogi ɗaya bayan ɗaya don kada wayoyi su cakuɗe. Wajen mayarwa ku fara juyawa da hannu. In ya cije tun juyi na farko ko na biyu, ya karkace, ku dawo da shi ku sake. Sai ya zauna sannan ku sa sifana ku ɗaure daidai wa daida. Tazarar da ke bakin fulogi a yawancin ƙananan motoci tana tsakanin milimita 0.7 da 1.1, amma littafin motar ne zai faɗi tata. Fulogi na gama-gari yakan yi kamar kilomita 30,000, na iridiyam yana iya kai 100,000. Masu motar da aka mayar ta gas su riƙa dubawa da wuri, domin gas ya fi fetur wahalar da fulogi. Direbobin Sprinter da sauran motocin dizal, wannan bayani bai shafe ku ba, injinku ba ya kunna mai da tartsatsi.

Game da ɗigon da ake gani a ƙasa, ku shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota da dare. Baƙi ko ruwan zuma man inji ne, ja yawanci na giya ne, ruwa mai launin kore ko hoda na lagireto ne. Ku goge injin, ku yi tuƙi na yini guda, sannan ku bi sawun man zuwa sama, domin mai yana gangarowa ne, inda ya ɗiga ba lallai nan ya fito ba. Bayan juye, ku duba filta da notin ƙasa tukuna. Sau da yawa wasa ce aka mayar da tsohuwa. Ku auna mai a wuri mai daidai, inji a kashe, kada ya wuce alamar sama. In jar fitilar mai ta kama kuna tafiya, ku tsaya nan take ku kashe mota, ko da fasinja sun yi ƙorafi. 'Yan mintoci sun isa inji ya buga. Man da ke ɗiga kan bututun salansa mai zafi kuma yana iya kama wuta. Lambar 'yan kwana-kwana a Gana 192 ce, ko ku kira 112.

In ya zama dole a je Suame Magazin, inda dubban makanikai da masu sayar da kayan mota suke, ku tafi da tsohon fulogin a hannu don a dace da lambar da ke jikinsa. Akwai jabu masu ɗauke da sunan NGK da Denso da Bosch, don haka arahar da ta wuce kima abin tsoro ce. Kayan da aka taɓa amfani da su a Turai suna da amfani a wasu sassan mota, amma gaskit da roba sababbi za ku saya. Wanda bai iya Turanci ko Twi ba ya tafi da ɗan uwa da ya daɗe a gari, ko da yake za ku samu masu jin Hausa da yawa a can. Kafin ku yarda a sauke inji, ku nemi a auna matsin kowace silinda a gabanku, kuma ku sanar da mai motar kafin a taɓa komai, don kada rigimar wa zai biya ta taso daga baya.

Tsohon man da kuka juye, ku zuba shi a jarka ku rufe, ku kai gareji ko gidan mai da ke karɓa. Kada a zuba shi a kwata, domin kwatocin unguwanninmu a rafin Aboabo da Subin suke ƙarewa. Kada kuma a shafa shi a kan ciwo ko ƙuraje, na mutum ko na dabba, kuma a ajiye jarkar inda hannun yara ba zai kai ba.