Kafin Ka Ɗaura wa Tsohuwar Motarka Sabuwar Sifika

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Namtari da yamma, kan hanyar da ta taso daga Jimeta ta nufi Ngurore da Numan, ya san motocin nan da ake jin kiɗansu tun kafin a hango su. Yawanci ba sababbi ba ne: Starlet ce, ko Golf, ko Carina da ta sha duniya. Ba laifi ba ne direban da ke wuni a hanya ya so jin labarai, ko karatun Alƙur'ani, ko waƙar da za ta ɗebe masa kewa. Ga zafin Yola, da kan haura digiri 40 a Maris da Afrilu, yana cinye soson bakin tsohuwar sifika har ta riƙa ƙara kamar fasasshiyar ƙwarya. Canji kam ya kama. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake yin aikin.

Babban haɗarin wuta ne. Mai son kiɗa ya riƙa dukan ƙirji sai ya sa amfilifaya, ita kuwa tana cin wuta kai tsaye daga batir ta waya mai kauri. Wayar takan ratsa ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba, ta bi ƙarƙashin kafet har but. Ranar da gargadar hanya ta sa ƙarfe ya goge robarta, batir zai juye mata ƙarfinsa gaba ɗaya, ta yi jawur, kafet ya kama. Abin da ke hana haka fis ne, kuma wajibi ne ya zauna kusa da batir, kada tazarar ta wuce kamu ɗaya, wato kimanin santimita 45. Idan mai wayarin ya ce maka ai akwai fis a jikin amfilifayar, gaskiya ne, amma na'urar kaɗai yake karewa, ban da doguwar wayar. Ramin da wayar ta bi ma a sa masa zoben roba. In fis ya ƙone kuwa, a nemi dalili a sa wani daidai da shi. Ɗabi'ar nan ta cusa zaren waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa, gayyatar gobara ce.

Sai altaneta, mai cajin batir. Ta ƙananan tsofaffin motoci da yawa ba ta wuce amfiya 55 zuwa 70, alhali amfilifaya mai wat 500 na gaskiya tana iya jan sama da 40 ita kaɗai in an ƙure ta. Shi ya sa za ka ga fitila na lumshewa tare da bugun ganga. A hanyar Numan cikin dare, ga tireloli ga shanu, wannan ba abin wasa ba ne.

Kada lambobin jikin kwalin sifika ko amfilifaya su ruɗe ka. “1000W” ɗin nan da aka rangaɗa da jan rubutu ado ne na talla. Nemi adadin da aka rubuta RMS a gefensa, shi ne ƙarfin na gaskiya. Rediyon mota da kansa bai cika ba kowace sifika fiye da wat 20 ba. Sifikar mota yawanci om 4 ce. In aka ɗaure biyu a kan waya ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sai su koma om 2, rediyon ya yi zafi ya ƙone.

Wajen ɗaurawa, a auna zurfin ƙofa tukuna, a sauke gilashi har ƙasa a ga bai taɓa maganaɗisun sifikar ba. Ledar nan da ke bayan murfin ƙofa ba shara ba ce, ita ke tare ruwan damina, a mayar da ita. Kafin a huda allon bayan kujera a leƙa ƙarƙashinsa, domin a Marsandi 190 da V-boot tankin mai yana nan bayan kujerar baya. Akwatin sifika kuma a ɗaure shi da noti. Wanda aka aza kawai, birki ɗaya mai ƙarfi zai wurgo shi kan ƙeyar fasinja.

Kunne fa? Masana lafiyar ji sun ce a ƙarar da ta kai desibel 85, awa takwas ne iyaka a rana. In ta kai 100, minti 15 kacal. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Kuma direban da bai ji hon ɗin bayansa ba, ko kukan taya da ta fara sacewa, ya sa rayukan da ya ɗauko cikin haɗari.

Saboda haka, malam mai mota, ranar da za ka kai ta Jimeta a yi maka aikin, kada ka ajiye makulli ka tafi shan shayi. Tsaya a kai, ka ce a nuna maka fis ɗin da ke kusa da batir kafin ka biya kuɗin aiki.