Daga Tukunya Zuwa Baki: Inda Cuta Take Shiga Abincinmu a Damagaram

Bara da bazara, wata ranar Alhamis, na fito daga Kasuwar Dole da rana tsaka, yunwa ta ishe ni. Na raɓa wurin wata mai abinci, na sayi shinkafa da wake, ta ɗora mini salak da mayones a kai. Abinci dai ya yi daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba. Kafin isha'i cikina ya fara murɗawa, na kwana ina zarya tsakanin ɗaki da bayan gida. Da safe gwaggona ta leƙo duba ni, ko sannu ba ta gama ba ta ce, "Maganinka ke nan, ɗan nan. Ga tuwo a gida, kai sai na titi." Ba a yi wata guda ba jikokinta uku suka kwanta da amai. Shinkafar biki aka aiko mata da la'asar, ta kwana a rufe cikin kwano, da safe aka ɗumama wa yara. Babu wanda ya leƙa titi a cikinsu.

Tun daga ranar na daina yarda da rabon da muke yi, wai na gida lafiya, na waje cuta. Ƙwayar cuta ba ta san zaure ba. Abin da take nema shi ne ɗumi, da lokaci, da ruwa marar tsabta, da hannun da bai ga sabulu ba, kuma duk huɗun suna nan a madafar gida kamar yadda suke a bakin tasha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 a kowace shekara, 420,000 su mutu, 125,000 daga cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi jin jiki.

Sayar da dafaffen abinci ba baƙon abu ba ne a garin nan. Unguwar Zango ta kafu ne a kan fatake, masu zuwa daga Agadas da masu zuwa daga Kano, kuma duk inda ayari ya sauka akwai mai fura da mai tuwo-tuwo da mai tsire. Abin da ya sauya shi ne yawan masu ci da irin abin da ake ci. Ɗan kabu-kabu, da ɗalibin Jami'ar André Salifou, da mai jinya a babban asibiti, da yaron shago, ba mai komawa gida cin rana. Saboda haka cewa mutane su daina cin na waje magana ce ta wanda aka ajiye wa kwanonsa.

Mu fara da lokaci, domin shi ne aka fi rainawa. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne tsakanin maki 5 da maki 60 na ma'aunin zafi, sun kuma fi sakewa a daidai ɗumin jikin mutum. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram yake haura maki 40, inuwar rumfa kanta ta zame musu ɗakin haihuwa. Ƙa'idar masana ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba sanyi. To lissafa: shinkafar da aka sauke da ƙarfe goma na safe, kai ka zo ƙarfe uku, awa nawa ke nan? Shinkafa kuwa tana da mugun hali na daban. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta gamawa da ita. Idan shinkafar ta huce ta daɗe, sai ta farfaɗo ta zuba dafi, dafin kuma ɗumame ba ya kashe shi ko an tafasa. Ba wari, ba tsami, sai amai bayan 'yan awoyi. Abin da ya sami jikokin gwaggo ke nan.

Iyayenmu mata sun san wani abu a nan ba tare da sun shiga aji ba. Miyar da za ta kwana sai an tafasa ta da dare, a rufe, kada wanda ya sake tsoma ludayi. Ɗumamen tuwo kuma sai ya yi ta ɓararraka a wuta kafin a zuba. Yau da yawa an bar wannan, ana ɗan nuna wa tukunya wuta ta yi ɗumi-ɗumi don tsimin gas ko itace. Wannan ɗumi-ɗumin shi ne mafi hatsari. Ko dai abinci ya yi zafin da tururi yake tashi har tsakiyarsa, ko a haƙura da shi.

Sai ruwa, wanda a garin nan shi ne uwar matsala. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan famfonta daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma kowa ya san yadda ake wayar gari da layin jarkoki idan bazara ta tsananta. Mai abincin da ta sayi jarka biyu a hannun ɗan ga-ruwa, da su za ta yi girki, ta ba masu ci su sha, ta wanke kwanoni. Shi ya sa za ka ga roba ɗaya tun safe, ruwan ya koma kalar miya, ana tsoma faranti ana fitarwa a zuba wa na gaba. Ban ga laifinta sosai ba. Amma ni yanzu kafin in dubi tukunya, robar wanke-wanke nake fara duba.

A gida ma muna da tamu robar. Kwano ɗaya na wanke hannu yana zagayawa, maigida ya fara, sai manyan 'ya'ya, ƙaramin yaro shi ne na ƙarshe, wato wanda jikinsa ya fi rauni shi yake wanka da dauɗar kowa. Ladabi ne, na sani. Amma buta tana nan, ba gidan da babu ita. A zuba wa kowa daga buta, da sabulu, ruwan ya zube ƙasa ko cikin wani kwanon. Ba a ci mutuncin kowa ba, ruwan da za a kashe ma bai fi na da ba.

Abin da yake biyo wannan hanya ba ƙaramin zawo kaɗai ba ne. A 2021 annobar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, ta kashe fiye da 150, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram suna cikin waɗanda ta shafa. Zazzaɓin taifot shi ko annoba ba ya jira. Idan ya daɗe ba magani yakan huda hanji, sai an yi wa yaro aiki, wasu kuma ba sa tashi. Wani abin tsoro game da shi, mutum yakan warke ya ci gaba da ɗauke da ƙwayar bai sani ba. A birnin New York an yi wata kuku, Mary Mallon, lafiyarta ƙalau, amma gidan da ta yi girki sai taifot ya ɓulla. An gano ta a 1907, an danganta ta da kamuwar mutum kusan 50, ta ƙare rayuwarta a killace a 1938. Masu kuɗi take yi wa girki, a gidaje masu kyau. Hannu ne kawai ba a wankewa da kyau bayan an fito daga bayan gida.

Salak da tumatir da karas na lambunan Miriya da Gidimuni abin alfahari ne, sai dai wuta ba ta taɓa su, don haka duk abin da ruwan ban-ruwa da takin gargajiya suka bari a kai yana nan. A wanke su ganye-ganye da ruwan da za ka iya sha. Haka ƙanƙarar da ake jefawa a zoɓo da fura: sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta yake yi. Nono kuma a tafasa madarar kafin a bar ta ta yi tsami, domin tarin fuka na shanu da wasu cututtukan dabbobi ta ɗanyar madara suke shigowa.

Yanzu ga wani sabon abu da ya shigo madafa ta wayar hannu. Amare da 'yan mata suna koyon girki a YouTube da TikTok, na Turkiyya, na Faransa, na Dubai: shawarma, kek mai kirim, salak mai mayones da ƙwai, kaza da aka jiƙa a kayan ƙamshi ta kwana. Ba ni da ja da wannan, ni ma ina ci. Sai dai mai bidiyon ba ta faɗa miki cewa girkin nata ya dogara da firjin da ba ya mutuwa dare da rana. Mu kuwa mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ko a lokacin lafiya ma ɗaukewar wuta da bazara ba labari ba ne. Firjin da aka bari a rufe yana riƙe sanyinsa kamar awa huɗu ne bayan an ɗauke wuta. Naman da ya narke ya saki ruwa, wuta ta dawo ya sake daskarewa, kallonsa lafiya lau, cikinsa kuwa Allah kaɗai ya sani. Idan za a yi irin wannan girki, a yi daidai cin lokacin. A biki kuma, inda ake haɗa salak da hantsi a raba bayan la'asar, gara a bar mayones ɗin a kwalbarsa.

Girkinmu na gado an gina shi ne don ƙasar da ba firji. Kilishi, cuku, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, alkakin da Damagaram ta yi suna da shi, duk dabarun hana ruɓa ne, da rana da gishiri da zaƙi da wuta. Amma shi ma yana da ƙofar da ɓarawo yake shiga, wato gyaɗa. Ƙasar Magarya da Matamaye ƙasar gyaɗa ce tun zamanin Faransawa, kuma ƙuli-ƙuli yana cikin labun kilishi, da yajin tsire, da kwaɗon zogale. Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, ko ta sha laima a rumbu, takan yi fumfuna mai fitar da dafin da ake kira aflatoksin. An gano shi ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, daga abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. A Kenya a 2004 masara mai wannan dafi ta kashe mutum 125. Mafi yawan lokaci ba ya kisa nan take. A hankali yake cin hanta har ya kai ga ciwon daji, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a yankinmu. Suya ba ta kashe shi. Abin da ya fi damuna shi ne inda tsintacciyar gyaɗa take ƙarewa: a ware mai kyau a sayar da tsada, ƙanƙanannu da baƙaƙe da masu ɗaci a sayar da araha ga mai ƙuli, ko a ba yara. Wadda aka tsince, zubarwa ake yi. Ko dabba mai ba da nono bai kamata ta ci ba.

Wake ma haka. Don gudun ƙwari, wasu 'yan kasuwa suna jefa ƙwayar Phostoxin cikin buhu ko su yayyafa maganin feshi irin su Sniper kai tsaye. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya a 2015, kuma buhu ba ya tsayawa a iyaka. Abin takaici, mafita a nan kusa take. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007 tare da masu binciken noma na cibiyar INRAN a Maraɗi, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska, ba magani ko ɗigo. Uwargida ta shinshina wake kafin ta auna. In yana warin magani a bar shi, kome arharsa, domin wanki da zubar da ruwan farko ragewa suke yi, ba sa kawarwa duka.

Man suyar da ya yi baƙi yana kumfa, da kunu mai zafi a leda, da tsire a takardar siminti, waɗannan ido ma ya isa ya hana. Dunƙulen miya kuwa kusan rabinsa gishiri ne, alhali abin da aka shawarta wa babba bai kai giram 5 a yini ba, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Mai hawan jini a gida ya fi buƙatar daddawa.

Wasu ƙasashe sun sauƙaƙa wa mai ci. A New York tun 2010 kowane gidan abinci yana liƙa harafin A ko B ko C a ƙofa, sakamakon binciken tsabta. A Ingila maki ne daga 0 zuwa 5. Wanda ya fi burge ni shi ne na Singafo. Masu abincin titinsu sun taɓa zama sanadin yaɗuwar taifot da kwalara, gwamnati ba ta kore su ba, sai ta gina musu rumfuna masu famfo da magudana da wurin zuba shara, ta gama kwashe su zuwa ciki a 1986. A 2020 UNESCO ta sa waɗannan rumfuna cikin al'adun duniya abin adanawa.  Ma'aikatar magajin gari da jami'an tsabta su dubi wannan: cin tarar matar da ba ta da ruwa ba ya wanke faranti ko ɗaya. Famfo guda a kowace tasha da gefen kasuwa zai yi abin da takardar tara ɗari ba za ta yi ba.

Kafin a kai can, mai ci shi ne duba-garin kansa. Ni dai inda ake layi nake tsayawa, domin tukunyar da ake rububi ba ta kwana. Ƙosai da waina da awara daga kasko zuwa hannuna, tsire kuma sai an mayar mini da shi kan wuta ina kallo. In mai zubawa ita ce mai karɓar kuɗi da hannu ɗaya, ina roƙonta cikin ladabi, "Hajiya, a sa mini da cokali."

Idan kuma abin ya riga ya faru, rashin ruwa a jiki shi ne yake kisa, musamman ga yara da tsofaffi. A nemi ƙunshin gishirin zawo a kantin magani ko asibitin unguwa, a haɗa yadda aka rubuta. In babu, a samu lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a yi ta ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai. Mai shayarwa kada ta janye nono. Yaro yana buƙatar ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, ba ƙwayoyin tsayar da zawo na masu talla a faranti ba. In aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi ya wuce kwana uku, ko ido ya faɗa, yaro ya kasa sha, ko zawo ya zama fari kamar ruwan wankin shinkafa, a kama hanyar asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne, ana tafe ana ba shi ruwan gishirin a hanya.