Daga Azbin Zuwa Bakin Rima: Tafiyar Gobirawa Da Abin Da Suka Riƙo

Ranar Lahadi ce kasuwar Goronyo ke ci. Tun hantsi buhunan albasa da tafarnuwa ke sauka daga Taloka da Shinaka da sauran garuruwan fadamar Rima, fatake kuma na zuwa tun daga kudu. A cikin wannan hada-hada ba wuya ka ji wani Bayarabe mai sayen albasa ya dubi dattijo mai tsage a kumatu ya ce masa, "Kai bawana, zo ka ɗaukar wa ubangidanka kaya." Dattijon ba zai ɓata rai ba. Dariya zai yi, ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi, sannan a zauna ciniki. Baƙo zai ɗauka faɗa za a yi. Ɗan gari ya san Bagobiri ne ya haɗu da taubashinsa.

Tsagen nan shi ne abu na farko da ake gane Bagobiri da shi. Zane ne da ke tasowa daga gefen baki ya bazu zuwa wajen kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Wanzami ne ke yin sa tun jariri na cikin tsumma, galibi ranar suna, lokacin da ake aski da cire beli. A zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi, wannan zane shi ne takardar shaidar mutum: ko an kai yaro ƙasa mai nisa, duk wanda ya dubi fuskarsa ya san gidan da ya fito. Yau aikin ya ja baya ƙwarai. Malamai sun yi wa'azi a kansa, likitoci sun yi gargaɗi kan aska ɗaya da ake yi wa yara da yawa aiki da ita, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 kuma ta hana yi wa yaro zane a jiki. Shi ya sa a gida ɗaya za ka tarar da kaka mai tsage cikakke, jikokinsa kuwa fuska sumul.

Mutanen da suka ga ya wajaba su rubuta asalinsu a fuska, mutane ne da suka sha tafiya. In ka tambayi dattawan Gobir inda suka fito, gabas za su nuna maka. Wasu su ce ƙasar Larabawa, wasu su ce Misra, su ambaci Bilma a matsayin zango, kafin a iso duwatsun Azbin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya kawo ruwayar da ke danganta su da Kibɗawan Misra. Masana tarihi na ɗaukar zancen gabas a matsayin ruwayar baka irin wadda gidajen sarauta da yawa ke da ita, amma zaman Azbin ya fi ƙarfin a musanta shi. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa, wanda ya ratsa Takadda ta yankin Azbin a 1353, ya ambaci wata ƙasa mai suna Kubar da ake kai wa tagulla, kuma masana da dama na ganin Gobir yake nufi.

Da Abzinawa suka yi ƙarfi, aka kafa sarautar Agadas a ƙarni na 15, sai Gobirawa suka yi ta gangarowa kudu. Tafiyar ba ta dare ɗaya ba ce. Zango ne bayan zango, shekaru ɗaruruwa: a kafa gari, a haƙa rijiya, a binne iyaye, sannan fari ko yaƙi ya sake tayar da mutane. Sun yi zama mai tsawo a Birnin Lalle, wajen Dakoro a Nijar ta yau, daga nan suka matso Gwararrame. A tsakiyar ƙarni na 18 suka shigo kwarin Rima, ƙasar Zamfarawa, da farko a matsayin baƙi masu neman wurin noma. Sarki Babari ne ya mayar da baƙunta mulki: ya kafa Alƙalawa, a filin da ruwaya ta ce gonar alƙalin Zamfara ce, ya kuma ci Birnin Zamfara wajen 1762. A zamanin Bawa Jan Gwarzo Gobir ta kai ƙololuwar ƙarfinta, har kirarin "Gobir gidan faɗa" ya zauna mata daram.

A cikin wannan ƙasa ta Gobir aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Maratta, a 1754, ya kuma tashi a Degel. Saɓaninsa da Sarkin Gobir Yunfa ya kai ga hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a watan Yuni, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Gobirawa suka sake ɗaukar kaya.

Wanda ke zaune tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, a tsakiyar wannan labari yake zaune. Muhammadu Bello ya gina Wurno ne a matsayin ribaɗi, garin tsaron iyaka, domin ta wannan fuska Gobirawa da abokansu ke kawo hari, kuma a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Shekara ɗaya kafin rasuwarsa aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda na Maraɗi suka kwanta dama. Gobirawan da suka tsira suka bi Sarki Mayaƙi, ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya rikicin gida ya sa wani ɗan gidan sarautar, Ɗan Halima, ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, kusa da kufan Alƙalawa. Da Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka ja layinsu a farkon ƙarni na 20, sai Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka faɗa Nijeriya. Gida ɗaya ya zama ƙasa biyu, amma aure da biki da ta'aziyya ba su taɓa tsayawa a bakin iyaka ba.

Akwai wata al'umma a can gabashin duniya da labarinta ke taimaka wa mai karatu ya gane na Gobirawa. Mutanen Hmong sun daɗe a duwatsun kudancin Sin, yaƙe-yaƙe suka tura da yawansu Biyetnam da Lawos da Tailan a ƙarni na 18 da na 19. Bayan 1975 dubbansu suka tsallake kogin Mekong zuwa sansanonin gudun hijira, daga nan aka kwashe su zuwa Amurka da Faransa. A sansanonin, matansu sun riƙa ɗinka labarin gudun a jikin ƙyalle da zare da allura, da ƙauyukan da aka bari da kogin da aka tsallake. Kowace al'umma da ƙaura ta zame mata jiki tana neman abin da za ta zuba tarihinta a ciki, wanda ba ya da nauyin ɗauka. Gobirawa sun zuba nasu a fuska, da sarautu, da harshe, da wasa.

Cikin sarautun nan babu mai jan hankali kamar ta Inna. Mace ce daga gidan sarauta, ana naɗa ta kamar yadda ake naɗa sarki, tana da gidanta da fadawanta. Ita ce uwar matan ƙasa, ita ce kuma shugabar 'yan bori a tsarin gargajiya, maganarta na da nauyi a fada. Duk inda Gobirawa suka kafa sabon birni, sun tafi da wannan kujera, kuma har yanzu ana naɗa Inna a Tsibiri. Haka nan majalisar da ake kira Taran Gobir, manyan fada tara masu zaɓen sarki da ba shi shawara. Abin lura ne cewa mutanen da aka sani da takobi su ne suka ajiye wa mace matsayi irin wannan, suka kuma ɗaure sarkinsu da shawarar mutum tara. Wanda ya taƙaita Gobir a kan faɗa kawai bai yi mata adalci ba.

Wasan da ke tsakaninsu da Yarabawa ma daga zancen tafiyar ya samo tushe. Ruwayoyin ɓangarorin biyu na cewa tare aka fito daga gabas, kuma Samuel Johnson, a tarihin Yarabawa da aka buga a 1921, ya kawo ruwayar da ke haɗa zuriyar Oduduwa da sarakunan Gobir, har ya kafa hujja da kamannin tsage. A Ilori akwai sarautar Sarkin Gobir har gobe. A Nijar kuwa Zabarmawa ne abokan wasan Bagobiri, kuma hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta wasan taubasai ta Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Amfaninta a fili yake: rigimar da za ta kai mutum biyu gaban alƙali, taubasai da dariya suke kashe ta.

Harshen kuma kunne kaɗai ya isa. Mutumin wannan yanki "hwaɗa" yake cewa, "kassuwa" yake zuwa, 'ya'yansa "ɗiya" ne, in ya amsa maka ya ce "awo". Yaran da suka yi karatu a birni sukan ji nauyin yin magana haka a gaban mutane, alhali babu abin kunya a ciki. Tsohuwar Hausa ce mai asali.

Abin da ke sosa rai shi ne ƙaura ta dawo gabashin Sakkwato. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka a Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, dubban mutane suka tsallaka jihar Maraɗi, da yawansu yankin Gidan Runji, inda Tsibiri take. Dangi ne suka fara karɓar su kafin hukumomi su iso. A ranar 17 ga Oktoban 2021 an kai hari kasuwar Goronyo kanta, aka kashe mutane fiye da 40. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi.

Duk ƙauyen da ya watse, da dattawansa yake watsewa, su ne kuwa masu riƙe da jerin sunayen sarakuna da zangunan da aka yi daga Azbin. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da matasan Taloka da Goronyo da Sabon Birni, kusan kowannensu na da waya mai naɗar murya a aljihu. Su zauna gaban waɗannan dattawa, a gida ko a sansani, su naɗi abin da ke bakinsu tun suna raye.