Tsage Daban, Zagundumi Daban

Duk ɗalibin da aka ba aikin tattara kalmomin sana'ar su a Yola, akwai tarkon da ke jiran sa. Zai tarar da kifaye biyu masu farautar 'yan'uwansu, dukkansu dogaye masu haƙora, sai ya jera sunayensu a layi ɗaya a matsayin kalmomi masu ma'ana guda. Tsage da zagundumi nake nufi. Masuncin da ke jefa taru a Kogin Binuwai ko Tafkin Geriyo da ke Jimeta ba ya haɗa su, saboda haka ban ga dalilin da mu masu nazarin harshe za mu haɗa ba.

Tsage, wanda wasu ke kira zawai, shi ne masana kimiyya suka raɗa wa Hydrocynus. Ma'anar sunan a Girkanci ita ce karen ruwa, amma kada kowa ya yi gigin fassara shi haka, domin a Hausa karen ruwa wata dabba ce mai gashi. Jikin tsage fari ne mai sheƙi da zane-zane baƙaƙe a kwance. Muƙamuƙinsa bai cika tsawo ba, haƙoran ne abin tsoro, don ko ya rufe baki suna nan waje a sarƙe da juna. Tsakiyar kogi yake so, inda yake fafarar ƙananan kifaye irin su kawara.

Zagundumi kuwa, wato Hepsetus, shi ne mai dogon baki na gaskiya, haƙoransa wasu dogaye wasu gajeru. Ba ya tsere da kowa. Laɓewa yake yi cikin ciyayi a ruwa mai kwanciya har abinci ya kawo kansa, kuma a cikin sheƙar kumfa yake zuba ƙwai a saman ruwa.

Inda matsalar ta fi tsanani shi ne fassara. Turawa sun kira zagundumi African pike saboda kamarsa da pike na ƙasarsu, alhali ba danginsa ba ne. Tsage ne ɗan'uwansa na kusa. Shaida ita ce ɗan ƙaramin fiffiken tsoka da ke tsakanin fiffiken baya da wutsiya: tsage da zagundumi suna da shi, pike na Turai ba shi da shi. Su ma Turawan sun ruɗa kansu da gar na kogunan Amurka da garfish na teku mai koren ƙashi, waɗanda suna da dogon baki kawai suka haɗa su.

A ganina, wanda zai rubuta waɗannan kalmomi ya duba littafin Reed da abokan aikinsa na 1967 kan kifayen Arewacin Nijeriya. Daga nan ya sauka bakin ruwa da sassafe lokacin da kwale-kwale ke dawowa, ya nuna kifin da yatsa, ya tambayi masunta fiye da ɗaya, ya kuma rubuta harshen uwa na kowannensu, tunda a Jimeta ba kowane mai jin Hausa ne Bahaushe ba.