Aikin Gayya Na Farautar Lambobi Marasa Rabuwa

Duk wanda ya zauna a ajin lissafi ya san akwai waɗansu lambobi da ba sa rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu, kamar 2, 3, 5, 7 da 11. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce masanin lissafin nan na Girka, Yuklid, ya tabbatar da cewa ba su da iyaka. Amma fa gwargwadon nisan da aka yi cikin ƙidaya, gwargwadon ƙarancinsu da wuyar gano su.

Mafarautan irin waɗannan lambobi sun fi bin wata hanya da ake jingina wa wani limamin Kirista na Faransa, Marin Mersenne, wanda ya rasu a 1648. Wato a jera 2 sau da yawa, a ninka su, sa'an nan a ɗebe 1. In an jera 2 sau biyar a sami 32, a ɗebe 1 saura 31, ita kuwa ba ta rabuwa. To, amma ba kullum ake dacewa ba, gama in an jera sau 11 za a sami 2,047, alhali kuwa ita 23 ce sau 89. Saboda haka tilas a gwada kowace lamba ita kaɗai, kuma in ta yi girma gwajin yakan ci kwanaki ko makonni a kwamfuta.

Wannan ne ya sa a 1996 wani Ba'amurke, George Woltman, ya kira gayya. Ya kafa shirin GIMPS, ya kuma rubuta manhajar da ake kira Prime95. Mai son shiga sai ya sauke ta kyauta daga intanet, cibiyar shirin ta ba shi lambar da zai gwada, kwamfutarsa ta riƙa yin aikin a lokacin da ba ta da wani aiki, in ta gama ta mai da sakamako. Duk wanda ya yi dace, sai wasu sun maimaita gwajin a kan wasu na'urori kafin a yarda.

Waɗanda suka yi dace ba duka shaihunan malamai ba ne. A 1998 ɗalibi ne ɗan shekara 19, Roland Clarkson. A 2005 likitan ido ne a Jamus, Martin Nowak. A 2017 injiniyan lantarki ne, Jonathan Pace, bayan ya shekara 14 yana nema. A watan Oktoba 2024 Luke Durant ya gano ta 52 cikin lambobin Mersenne marasa rabuwa da aka sani, mai alƙaluma 41,024,320. Da mutum zai karanta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya kwana 474 bai ƙare ba.

Sai dai ya kamata mai niyyar shiga ya san abin da zai tarar. Ladan da shirin ke bayarwa ga wanda ya gano sabuwar lamba dala 3,000 ne, kuma daga 1996 zuwa 2024 guda 18 kaɗai shirin ya gano. Shi Durant hayar manyan na'urori ya yi a ƙasashe 17. Bugu da ƙari kwamfutar da ke wannan aiki tana shan wuta tana zafi, don haka ma'aikaci kada ya ɗora manhajar a kan na'urar ofis ba da izini ba.

To, mene ne ribar mafi yawan masu shiga? Kowace lamba da aka gwada aka ga tana rabuwa an rage wa na baya aiki ke nan. Akwai kuma amfanin da ba a zata ba: a 2016 wannan manhaja ce ta tona wani aibi a ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙirar Skylake ta kamfanin Intel. Ɗalibi kuwa zai ga da idonsa yadda ake tabbatar da magana a ilmin lissafi. A gonar gayya ba a tambayar wanda ya noma kunyar ƙarshe, ana duba ko an gama gonar ne.