Ciwon Saifa: Hatsarin Yanka Dabba Tana Gargara

A watan Yuli na 2023 Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta tabbatar da ɓullar cutar antaraks, wadda makiyaya suka sani da ciwon saifa, a wata gona da ke Gajiri kusa da Suleja, bayan gwajin da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ta yi. A farkon 2025 kuma sai ga ta a Zamfara. Kada mutumin Kiyawa ya ce abin na nesa ne. Saniyar da ta kwana a wata jiha, gobe tana kasuwar Shuwarin, jibi tana hannun mahauci a Dutse.

Ƙwayar cutar, Bacillus anthracis, takan yi wa kanta kwanso ta kwanta cikin ƙasa shekaru gommai, rana ba ta kashe ta, fari ba ya kashe ta. Da dabba ta haɗiye ta a wurin kiwo sai ta farka, ta hayayyafa, ta fara zubar da dafi. Wannan dafin ne ke kisa.

Sinadari uku ne suka haɗu suka yi dafin, kuma kowanne shi kaɗai ba ya komai. Aikinsu irin na gungun ɓarayi ne. Na farko yakan liƙe a jikin ƙwayar halitta, su taru bakwai ko takwas su yi zobe, su huda ƙofa. Na biyu ya shiga ya hargitsa tafiyar ruwa, wurin ya kumbura. Na uku ya datse hanyoyin da garkuwar jiki ke aika saƙo, jijiyoyin jini su lalace. Shi ya sa dabba kan faɗi farat ɗaya, baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci da baki da dubura, cikinta ya kumbura da wuri, saifarta ta yi suntum.

Tun 1954 masana a Ingila suka gano cewa idan dafin ya riga ya yawaita, ko an kashe ƙwayar cutar da magani, mutuwa na nan tafe. Saboda haka jinkiri ne babban abokin gaba. Mafi yawan mutanen da ke kamuwa ta fata suke ɗauka: ƙurji mai ƙaiƙayi a hannu ko wuya ko fuska, ya fashe, tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin, gefensa a kumbure, kuma ba zafi. Rashin zafin nan ke yaudarar mahauta da majema. In ba a yi magani ba, yana iya kashe mutum ɗaya cikin biyar. In an je asibiti da wuri, da ƙyar ake rasa rai. Na hanji, daga cin naman, da na huhu sun fi muni.

Dafin ya yi wa likitanci rana. Sinadarin mai buɗe ƙofa shi ne ginshiƙin rigakafin mutane, kuma a 2012 da 2016 Amurka ta amince da magunguna biyu masu toshe shi. Masana na gwada sarrafa shi ya kai magani cikin ƙwayoyin cutar kansa, kuma a 2021 masu bincike a Jami'ar Harvard suka nuna wani sashe na dafin yana rage raɗaɗi a jikin ɓeraye. Waɗannan biyun har yanzu gwaji ne.

Inda gizo ke saƙa a wurinmu shi ne hanzarin sa wuƙa don kada dabba ta zama mushe, a yi watanda da araha. Farke ta ne ke ba ƙwayar iskar da take buƙata ta yi kwanso, ta gurɓata wurin har jikoki. Dabbar da ta faɗi haka kada a yanka, kada a feɗe, kada a sayar da fatarta. A kira malamin dabbobi, a ƙone ta ko a binne ta da zurfi, sauran garken kuma a yi musu rigakafi duk shekara. Asarar saniya ɗaya ta fi sauƙi a kan zaman makoki.